Kwana 21 Ina Jinyar Baya a Gidan Ayurbeda na Kerala

Shekara 6 na yi ina lallaɓa ciwon baya kamar mai riƙon ɗan wani. Sana'ata yadi ce, ina da shago a Kantin Kwari, kuma sau 2 a shekara nakan je Surat da ke jihar Gujarat ta Indiya in yi odar kaya. Wanda ya san harkar ya san zaman da ke cikinta: wuni guda a kujera ana buga lissafi, sai tsugunno a kan dila, sai dogon zama a jirgi. Ciwon ya faro daga ƙugu, daga baya ya riƙa sauka ta cinyar hagu har dunduniya kamar an zura mini waya mai zafi. Da aka yi mini hoton MRI, likitan ƙashi ya ce faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya ne ya ɗan ɓullo yana taɓa jijiya, amma abin bai kai ga aiki ba. Ya ce in rage ƙiba, in riƙa tafiya a ƙasa, in je gashin ƙashi. Na ce to. A duk maganarsa sunan ƙwayar kashe raɗaɗi kaɗai na riƙe, na kuwa sha ta har sai da ta taso mini da gyambon ciki.

Dillalina na Surat mutumin jihar Kerala ne da ke kudancin Indiya, Musulmi. Wata rana bayan la'asar ya ga sai da na dafa bango kafin in miƙe daga zaman tahiya. Ya ce, "Haji, ka ba mutanenmu mako 3." Na yi dariya na ce maganin gargajiya ai a gida na baro shi, akwai masu tallarsa da lasifika a kowace kwana. Ya ce wannan daban ne, Ayurbeda ne, maganin gargajiyar Indiya, asibiti ne da gado da likita, kuma in zan zo in zo da damina. Mutanen Kerala sun yi imani cewa jiki ya fi karɓar magani lokacin da ruwa ke zuba iska ta yi sanyi, musamman a watan da suke kira Karkidakam, wanda yake kamawa daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Sai da na ƙara shekara guda ina jan ƙafa, gyambon ya lafa amma bayan ya ƙi, sannan na yarda.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Tun 2023 gwamnatin Indiya ta ware biza ta musamman ga masu zuwa irin wannan jinya, ana buƙatar wasiƙar asibitin da zai karɓe ka, ga katin allurar shawara. Na bi ta Adis Ababa zuwa Mumbai, daga nan na hau ƙaramin jirgi zuwa Koci, birni a jihar Kerala. Ɗan Indiyancin da na tsinta a finafinai da kasuwar Surat bai tsinana mini komai ba, don su Malayalam suke yi, harshen da ko kalma ɗaya ba ta yi kama da abin da kunnena ya saba ji ba. Da Turanci muka riƙa lallaɓawa.

Gidan jinyar yana da nisan kusan awa 2 a mota daga filin jirgi, cikin itatuwan kwakwa, rufinsa jan tayil, ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne lambunsu. Na ga zogale, na ga darbejiya, na ga tsamiya, sai ga tumfafiya, wadda a wajenmu ko akuya ba ta kula ta, an kewaye ta da bulo an kafa mata allo ɗauke da sunanta. Mai lambun ya ce zogale a harshensu sunansa muringa, daga nan Turawa suka samo sunan da suke kiransa. Darbejiya ma asalinta ƙasarsu ce, mu baƙuwa muka karɓa.

Washegari da safe na ga likita. Na zaci zan tarar da dattijo mai gemu zaune a kan buzu, sai na tarar da mutum mai kimanin shekara 50 sanye da farar riga, na'urar awon jini a gabansa. Takardar da ke rataye a bango ta digirin BAMS ce, wato likitancin Ayurbeda, karatun shekara 5 da rabi a jami'a, cikinsa har da shekara guda ta sanin makamar aiki. Tun 2014 Indiya ke da ma'aikata guda ta tarayya mai kula da irin waɗannan magunguna, har da Unani, wanda Musulmin ƙasar suka gada daga likitocin Larabawa da Farisa. Ya ɗaga hotona na MRI ya duba a hasken taga, ya rubuta a gwada mini sukari da hanta da kitsen jini. Bayan nan ne ya kama wuyan hannuna na dama ya ɗora yatsu 3, ya rufe ido ya yi shiru. Ya sa na fito da harshe, ya duba farce da ƙwayar ido.

Sai tambayoyi, kusan awa guda. Sau nawa nake zagayawa a rana, kuma da tauri ko da laushi? Ƙarfe nawa nake cin abincin dare? Ina yawan mafarki? In raina ya ɓaci, nakan yi faɗa ne ko nakan yi shiru ina saƙe-saƙe? Zafi na fi ƙi ko sanyi? Ko uwargida ba ta taɓa titsiye ni haka ba.

Da ya gama ya jawo takarda ya yi mini zane. Ayurbeda, in ji shi, kalmomi 2 ne na tsohon harshen Sanskrit, ɗaya rayuwa, ɗaya sani. A fahimtarsu komai na duniya daga abu 5 yake: sarari, iska, wuta, ruwa da ƙasa. A jikin mutum waɗannan suna haɗuwa su ba da ƙarfi 3 da suke kira dosha, wato bata, fitta da kafa. Ni da kunnen Bahaushe sai na ji kamar ya ce ɓata, fita da ƙafa, kuma da haka na haddace su. Na farko iska ce, ita ke da motsi da numfashi da jijiyoyi, in ta yi yawa sai bushewa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Na biyu zafi ne, shi ke narka abinci, in ya yi yawa sai ƙwannafi da saurin fushi. Na uku danshi ne da nauyi, shi ke gina jiki, in ya wuce misali sai ƙiba da majina da kasala. Kowa da irin cakuɗar da aka haife shi da ita, lafiya ita ce mutum ya zauna a kan tasa, ba a kan ta maƙwabcinsa ba. Ni, a cewarsa, iskata ce ta fi ƙarfina saboda tafiye-tafiye da cin abinci ba kan lokaci ba, kuma mazaunin iska a jiki shi ne babban hanji da ƙugu. Ga wutar cikina ta yi rauni, abinci ba ya narkewa sarai, ragowar tana taruwa ta zama wani datti mai danƙo da suke kira ama.

Gaskiya ban ji wannan bayani a matsayin abin da za a gani a madubin likita ba. Ba wanda zai tsaga ciki ya nuno maka iska ko ama. Amma bai zame mini baƙo ba, don mu ma muna cewa wane sanyi ne ya kama shi, wance zafi ne ya yi mata yawa. Na ɗauke shi a matsayin hanyar da suka tsara tunaninsu tun zamanin littafin wani tsohon likitansu mai suna Caraka, littafin da ya kai shekara 2,000 ko kusa da haka, kuma har yau ɗalibansu ke karanta shi.

Ni ma na zo da tambayoyina, 'yata da ke karatun haɗa magunguna ce ta rubuta mini su a takarda. Na farko giya. Akwai magungunan ruwa da suke kira arishtam da asabam, waɗanda ake jiƙawa a tulu su yi tsami da kansu, kuma barasar cikinsu tana iya kaiwa kashi 12 cikin 100. Na biyu fitsarin saniya, wanda yake shiga wasu haɗe-haɗensu. Na uku ƙarafa. Akwai wani reshe na maganinsu da ake ƙona zaiba da dalma da makamantansu a mai da su toka a ba mutum. 'Yar tawa ta nuna mini binciken da aka buga a 2004, inda aka sayo irin waɗannan magunguna 70 a shagunan birnin Boston na Amurka, aka samu dalma ko zaiba ko gubar arsenik a cikin 14. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana wa'azi ba.

Likitan bai ji haushi ba. Ya ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kerala Musulmi ne, tambaya ta farko da ta biyu kullum sai ya ji su. Ya soke wani arishtam da ya riga ya rubuta, ya musanya da kashayam, wato dafaffen sassaƙe. Ya ce ba zai ba ni komai mai ƙarfe ba, ya kuma yarda in ɗauki hoton jikin kowace kwalba in tura gida. Yawancin kwalaben daga garin Kottakkal suke, daga wata tsohuwar cibiya da wani likita mai suna P. S. Varier ya kafa a 1902. Ya ƙara da abin da ya kwantar mini da hankali fiye da komai: in na ji ƙafar ta mutu, ko fitsari ya fara kufce mini, ba mai ba sassaƙe, motar asibiti za su kira a kai ni wajen masu fiɗa. Akwai kuma fitilar tagulla da suke kunnawa gaban hoton Danbantari, wanda mabiya addinin Hindu suke ɗauka ubangijin magani, kafin a fara aiki. Na ce ni a bar ni da bisimillata. Suka ce ba komai, kuma har na tafi ba wanda ya sake tayar da zancen.

Aikin da aka tsara mini sunansa Fancakarma, ma'ana ayyuka 5 na wanke jiki: sa amai, sa gudawa, ɗura ta dubura, ɗiga magani a hanci, da fitar da jini. Na ƙarshen nan da matsattsaku suke yi, amma tsofaffin littattafansu sun ambaci ƙaho da ƙwarya, wato dai aikin wanzamanmu. Ba kowa ake yi wa duka ba. Ni guda 2 aka zaɓar mini, gudawa da ɗura. Sai dai kafin a kai can akwai shiri, kuma shirin ya fi aikin wuya.

Kwana 2 na farko garin citta da wasu saiwoyi aka riƙa ba ni a ruwan ɗumi kafin abinci, wai a hura wutar ciki. A rana ta 3 da sassafe, bayan na idar da asuba gari ya fara wayewa, wani saurayi ya shigo da ƙaramin kofin ƙarfe da yankakken lemon tsami a faranti. Man shanu ne narkakke, mililita 30, an dafa shi da itatuwa masu ɗaci har ya koma kore-kore. Na ce a raina, ɗan Kano za a tsorata da man shanu? Na kafa kai na shanye. Ɗacin ya wuce na maɗaci, ga maiƙo ya manne a ganɗa ya ƙi sauka. Lemon ba na sha ba ne, na shinshinawa ne don kada zuciya ta tashi. Daga nan ba abinci. Ruwan zafi kawai za ka riƙa kurɓa, sai ka ji yunwa ta gaskiya kuma gyatsa ta daina ɗanɗanon mai, sannan a kawo maka kunun shinkafa. Ranar farko yunwar ta zo da azahar.

Washegari mililita 60. Rana ta uku da fara shan man 90, ta huɗu 120, fiye da rabin kofin shayi. A wannan ranar sai da saurayin ya ce in toshe hanci in rufe ido. Na sha, na zauna a bakin gado ina kallon ruwan sama, hawaye na zuba ba don kuka ba. Kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dila, yunwa ba ta zo ba sai bayan la'asar. An hana barcin rana, an hana ruwan sanyi, an hana zama ƙarƙashin fanka, an hana doguwar magana, waya ma an ce a rage. Na kira uwargida duk da haka, su a Kano hantsi bai gama ɗagawa ba tunda Indiya ta riga mu da awa 4 da rabi. Na ce mata gobe zan tattara kayana. Ta ce, "Alhaji, kuɗin jirgin fa? Ka daure, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski." Da likita ya zagayo da safe ya tambayi yadda bayan gida ya fito, na ce da maiƙo. Ya shafa fatar hannuna, ya ce ko sunan man shanu ina son ji? Na ce a'a. Ya yi murmushi ya ce to ya isa, abin da yake jira ke nan. Manufar, a cewarsu, man ya ratsa ko'ina ya sassauta dattin da ya maƙale, kamar yadda ake jiƙa tukunyar da tuwo ya kama kafin a kankare.

Sai kwana 3 na shafa da sirace, nan ne mutum zai ga abin da ake nunawa a hotunan talla. Ɗakin yana da gadon katako guda, an sassaƙe shi daga itace ɗaya, gefensa da ɗan tudu don kada mai ya zube, ya yi baƙi sul saboda shekarun da ya yi yana shan mai. Maza ke yi wa maza, mata ke yi wa mata. Aka ba ni ɗan bante na ɗaura, ina ta sunne kai, su kuwa ko a jikinsu. Ƙarti 2, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna zuba man riɗi mai ɗumi da aka dafa da magani, hannuwansu suna tafiya tare kamar masu daka a turmi ɗaya. Babban cikinsu Musulmi ne, yana kirana Ikka, wato yaya. Bayan kusan minti 45 sai a shigar da kai akwatin katako, kai a waje, tururin ganye yana dafa ka har gumi ya riƙa tsiyaya. Wanka ba da sabulu ba, da garin wani ƙaramin koren wake ake cuɗa jiki, sannan a murza maka wani garin magani a tsakar ka, wai kada mura ta shiga.

Rana ta 10 ita ce ta gudawa. Man zurma aka ba ni da safe a ruwan ɗumi, aka ajiye mini takarda da biro in riƙa yin alama. Na yi 11. Ba zan tsawaita ba. Abin da zan ce shi ne ma'aikaciyar jinya ta auna jinina sau 3 a ranar, kuma sallolin ranar kowace da sabuwar alwala na yi ta, ina yi ina sauri. Da yamma jikina ya yi sakayau kamar an sauke mini kaya, amma ƙafafuna suna rawa.

Na zaci daga nan za a sake mini mara in ci abinci. Ashe yanzu aka fara. Sun ce wutar ciki bayan wanki kamar garwashin da ya kusa mutuwa ne, in ka jibga masa gungume sai ya mutu, da tsinke ake farawa. Ruwan shinkafa tsararo, sai kunu mai ɗan kauri, sai kunu da romon wake, a hankali har kwana 3 kafin in ga shinkafa a faranti. Shinkafarsu ja ce mai ƙiba, ana haɗa ta da kabewa da ganyen zogale da kurkum. Ba nama, ba barkono, ba shayi. Ruwan sha kullum da ɗumi, launinsa ja-ja saboda wani itace da suke jefawa a tukunyar. Mai dafa abincin ta ce a ƙa'idarsu ɗanɗano 6 ne, kuma a so kowane ya leƙo a abincin rana: zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci da bauri. Na yi mamakin jin bauri a lissafi, don mu ba ma ɗaukarsa abin nema sai a goro.

A wajen cin abincin nan ne likita ya faɗi abin da ya sa na ajiye cokali. Ya ce Caraka ya rubuta cewa a raba ciki kashi 3, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya a bar shi sarari. Na ce masa wannan ai hadisi ne a wajenmu, tun muna makarantar allo muke jin sa. Ya ce ya sani, marasa lafiyarsa Musulmi sun sha gaya masa, sai dai bai ga alamar sun fi sauran aiki da shi ba. Na dubi tumbina na yi shiru.

Kwana 8 na ƙarshe su ne na bayan kansa. Da safe a kwantar da ni rub da ciki, a kwaɓa garin baƙin wake a yi masa da'ira a ƙasan bayana kamar bakin rijiya, a liƙe gefen da ruwa, a cika ramin da mai mai ɗumi. In ya fara hucewa a tsane shi da auduga a zuba sabo, haka har minti 30. Wannan shi ne abu mafi daɗi da aka yi mini, ɗumin yana ratsawa har inda ciwon yake zaune. Bayansa sai gashi da ƙunshin ganye: ganyen tumfafiya da zurma da tsamiya da zogale, an soya su da kwakwa da lemon tsami da gishiri, an ƙulle a ƙyalle kamar ƙullin daddawa, a ɗumama a kasko a riƙa dannawa daga ƙugu zuwa dunduniya. A ranar na nemi gafarar tumfafiya.

Ɗurar kuwa ita suka fi ba wa muhimmanci ga mai matsalar iska, tunda hanji ne gidanta. Sau 8 aka yi, 5 na mai zalla bayan an ci abinci, 3 na wani haɗin zuma da gishiri da mai da dafaffen sassaƙe kafin a karya. Mutum na kwance a gefen hagu, ƙafar dama a naɗe. Kunya ce ta fi zafi yawa. Ikka, kamar yadda ni ma na koma kiran babban nasu, yakan ja ni da hirar ƙwallo don in manta, mutanen Kerala kuwa mayun ƙwallo ne. Sau 2 kuma aka yi mini abin da suke kira shirodara saboda rashin barci: tukunya a rataye saman kai, siririn mai yana zuba a goshi yana kai da komo. Na farko ina ta lissafin bashin da ke kaina a kasuwa, na biyu ban san lokacin da aka gama ba.

Juma'ar ƙarshe na roƙa aka bar ni na je masallaci a keke mai ƙafa 3, irin a-daidaita-sahunmu sak. Shafi'awa ne, maza sun ɗaura fararen zannuwa har idon sawu. Da aka fito sai ƙanshi ya tare ni a bakin titi, wani mai shayi yana soya ayaba cikin ƙullu. Shaiɗan ya yi aikinsa. Ayaba 2 da shayi mai madara da sukari kofi guda. Washegari likita ya kama hannuna, ya rufe ido kamar kullum, ya ce, "Haji, yaya ayabar jiya?" Gabana ya faɗi, na ce lalle mutanen nan jijiya tana yi musu magana. Sai da yamma na gano mai keken ƙanin mai gadin gidan ne.

Ranar sallama ya ba ni takarda shafi 2, kuma magani shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. A tashi kafin fitowar rana, wannan asuba ta riga ta ɗauke mini. A kankare harshe da safe, a sha ruwan ɗumi. Babban abinci da rana, na dare mara nauyi kuma da wuri. Kada a ci sai na baya ya narke. Kada a haɗa kifi da madara, kada a dafa zuma. Kada a danne fitsari ko bayan gida ko atishawa ko hamma, littafinsu ya lissafa irin waɗannan har 13, ni kuwa na tuna sau nawa na matse fitsari don kada ciniki ya wuce. A shafa man riɗi a baya kafin wanka, a yi wasu miƙe-miƙe guda 5 da mai koyar da yoga ya nuna mini, a yi tafiyar minti 30. Ya ce kwanakin da na yi a wajensu, in ninka su in ci gaba da kiyayewa a gida kafin in koma cin komai.

Na dawo na rage kilo 4, wayar zafin da ke sauka ƙafata ta janye ta koma ɗan tsami a ƙugu, ina tashi daga tahiya ba dafa bango. Na kai wa likitan ƙashina takardar. Ya karanta, ya ce mai bai mai da faifan guringuntsi mazauninsa ba, ba kuma zai mayar ba, amma ɗumi da tausa da hutun mako 3 da rage ƙiba suna sassauta irin wannan ciwo, kuma sau da yawa yakan lafa da kansa in an daina tsokanarsa. Sai ya ɗago ya ce, "Alhaji, rabin takardar nan ai na ba ka ita shekara 7 da suka wuce." Ya sa aka sake gwada mini hanta da ƙoda saboda sassaƙen da na sha, suka fito lafiya.

Da hidimar ƙaramar Sallah ta zo kasuwa ta buɗe, na koma cin tsire ƙarfe 11 na dare da zama awa 10 a kujera, ciwon ya leƙo ya gaishe ni. Na koma kan takardar, ya ja da baya. Yanzu akwai fulas ɗin ruwan zafi a ƙarƙashin teburina, yaran shago suna kiransa shayin Indiya, kuma tuwon gidana ana sauke shi kafin magariba, abin da ya jawo mini ƙorafin yara na wata guda.

Makon jiya na je gaida Hajiya, mahaifiyata, ta sa aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka. Ta jawo kwalbarta ta man shanu, wanda wata Bafulatana ke kawo mata tun ina yaro, ta ɗebo cokali guda za ta zuba. Ƙanshin na bugun hancina sai ga kofin ƙarfen nan da yankakken lemo a idona. Na riƙe hannunta na ce, "Hajiya, don Allah a bar shi haka." Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ga ƙanwata ta ce, "Kin gani ko? Na ce kada ya je, ga shi sun sauya mini shi." Ta zuba cokali 2.